Guntun Ƙarfen da Na Dawo da Shi daga Chaina

Tun ranar da na sauka daga motar Kano a tashar Kura ban huta ba. A masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har wanda ya kawo mini gyaran injin ban-ruwa sai ya nemi buhun buntun shinkafa ya zauna ya ce, "Sale, wai yaya garin yake ne?" Wasu kuma na sani ba garin ya dame su ba. So suke su ji yadda aka yi aka tura mutum bangon duniya sayen inji, ya dawo da guntun ƙarfe a aljihu. Na gaji da maimaitawa, ga mutanenmu kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni makanike ne. Injinan casar shinkafa da na ban-ruwa, daga Kura zuwa Bunkure, kaɗan ne hannuna bai taɓa ba. Wanda ya tura ni shi ne Alhaji Sabo mai injin casa na bakin kanal. A bayan injinsa mata suke turara shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, kafin a casa, da rabin duro da itace, cikin hayaƙi tun safe har yamma. Shugabarsu yayata ce, Yaya Hanne, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Hayaƙin nan ya cinye mata ido, yanzu allura ma sai an zura mata.

Wata rana Alhaji ya ga hoton boila a waya, wata tukunyar ƙarfe mai tsawon mutum biyu da ake zuba wa buntu ya ci wuta, ta dafa ruwa, tururin ya bi bututu ya turara shinkafa buhu-buhu ba hayaƙi. Hankalinsa ya tashi a kanta. Tun ba a sayo ba ya sa aka zuba mata dandamalin siminti a ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke bayan injin. Aka kuma yanke cewa Yaya Hanne ce za ta riƙa tsayawa a gindinta, tana zuba buntu tana duba gejin da ke nuna ƙarfin tururi. Ya ce mini, "Kai ka san ƙarfe. Ka je ka gani da idonka, in ta yi maka ka sa hannu a ɗoro ta. Ina so ta iso kafin a yanke shinkafar rani."

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Habasha, sannan aka sake ɗibar mu tafiyar da na zaci ba za ta ƙare ba. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da muka sauka aka jera mu layi, wata na'ura ta karɓi yatsuna goma ta ɗauki fuskata, ma'aikacin ya dubi fasfo ya dube ni ya fi sau biyar kafin ya buga hatimi. Na ce an gama ke nan. Ina jan jakata sai ga wani ɗan ƙaramin kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gabanta kamar mai jiran rabo. Aka buɗe. Dambun naman da Yaya Hanne ta kwana biyu tana yi mini ne. Matar da ke wurin ta yi mini bayani da ladabi cewa nama ba ya shiga ƙasarsu, ta ɗauke shi da safar hannu ta jefa a kwandon shara. Ban yi mata musu ba, amma wallahi raina ya ɓaci.

Malam Ado ne ya tare ni, mutumin Madobi ne da ya shekara takwas a can yana yi wa 'yan kasuwarmu lodin kaya. Yana ganina ina ta danna waya ya fara dariya.

"Injiniya, me kake nema?"

"So nake in shaida wa gida na sauka. Saƙo ya ƙi tafiya. Wurin binciken ma ya ƙi buɗewa, sai juyawa yake. Ko ba sabis ne?"

"Sabis ya fi na Kano sau goma. Katanga ce. Duk abin da ka saba buɗewa a gida, nan a rufe yake. Suna da nasu injin binciken, da nasu wurin hira, abin da aka ga dama shi za ka gani."

A cikin tasi ya karɓi wayata ya saka mini wata manhaja. Ya ce tsani ake ce mata a can, da ita ake haura katangar. Ya rage murya duk da direban ba ya jin Hausa. "Mutane da yawa suna da ita, amma ba abin nunawa ba ce. Ka hau, ka yi abin da ya kai ka, ka sauko. Kada ka bar ta a kunne, kada kuma ka yi zancenta da kowa." Na ce to. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, don mu ma an taɓa rufe mana wata manhaja a ƙasar nan, matasa suka yi ta hawa irin wannan tsanin suna dariya.

Kwana biyu na yi a wurinsa ina warware gajiya. Abin mamaki kam na gani. Ruwan zafi suke sha, zallansa, ko da rana tsaka. Ba mai riƙe kuɗi a hannu, har tsohuwa mai gasa dankali a bakin titi da waya ake biyanta. Ko ina ka ɗaga kai akwai kyamara tana kallonka, a kan fitilar titi, a ƙofar shago, a cikin lif. Banɗakinsu babu buta, sai da na yanke gorar ruwa na yi tawa. Abinci kuwa Allah ya haɗa ni da wasu Musulmin ƙasar masu farar hula, suna jan taliya da hannu a gabanka su tsoma a romon naman sa. Da suka ji na yi sallama sai maigidan ya fito ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ba ni tsinke biyu in ci da su. Na yi ta kokawa da taliyar nan tana sulluɓewa, har matarsa ta ji tausayina ta kawo cokali mai yatsu.

A rana ta uku Malam Ado ya haɗa ni da tafinta, wata mata mai suna Lin, 'yar siririya mai gilashi, tana jin Turanci fiye da ni nesa ba kusa ba. Shi aiki ya riƙe shi, ba zai bi mu ba. Muka hau jirgin ƙasa zuwa garin da kamfanin yake. Gudun jirgin nan ba a magana, amma kofin ruwan da na ajiye a gabana ko motsi bai yi ba. Lin ta yi ta tambayata yadda muke noman shinkafa. Na nuna mata hoton Yaya Hanne a tsaye kan duro cikin hayaƙi, na ce wannan ce za ta riƙe boilar. Ta daɗe tana kallon hoton, ta ce ta yi kama da kakarta.

Direban kamfani ya ɗauke mu a tasha, su ne kuma suka kama mini masauki. Manajan mutum ne mai fara'a, ya yi ta zuba mana shayi a wasu kofuna da ba su fi murfin kwalba ba, ka kurɓe ya sake cikawa. Sannan aka kai mu rumfar da boilar take. Ta sha shuɗin fenti sai ƙyalli take. Na zagaya ta, na shafa waldar da ta haɗa cikinta daga sama har ƙasa. Yatsana ya ji tudu da kwari, an kuma lafta wa wurin fenti mai kauri fiye da ko ina. Na ce a kunna in gani.

Shekara ashirin ina wannan sana'a, na koyi cewa idan an tayar da inji, ka fara kallon mutanen da suka san shi kafin ka kalle shi. Wuta na kamawa ma'aikatan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi neman spana, wancan ya tuna da wani aiki a waje. Manajan ya kara waya a kunne ya fita, ni kuwa ban ji ta yi ƙara ba. Wani dattijo cikin ma'aikatan ya zo ya kama hannun rigar Lin ya ja ta baya har bakin ƙofa. Na waiga na ga ni kaɗai ne a gindin tukunyar. Allurar geji ba ta kai rabi ba aka kashe wutar, aka ce ai na gani.

A mota na yi wautar da har yau take damuna. A wurinmu tambaya ba laifi ba ce. In za ka sayi saniya ko inji, a gaban jama'a kake tambayar aibinsa da ƙarfi, don kowa ya zama shaida. Haka na juya wurin Lin, direban kamfani yana gaba, na ce da Turanci, "Buɗe injin bincikenku ki rubuta sunan kamfanin nan." Ta rubuta. Yabo ya zubo shafi bayan shafi, hotunan manaja yana karɓar kyauta, hotunan boila a ƙasashe daban-daban. Na ce, "To ƙara kalmar fashewa." Ta ɗago ta dube ni. Na ga idon direban a madubi ya dawo kanmu. Ban gane ba, na sake cewa, har da kwatanta fashewar da hannu. Ta sunkuyar da kai ta rubuta. Hotunan yabon nan suka sake fitowa, sai dai a samansu akwai wani ɗan layi.

"Me wannan ya ce?"

Ta amsa can ƙasa-ƙasa, "Ya ce bisa doka, akwai sakamakon da ba za a nuna ba."

Ta goge abin da ta rubuta, ta tura wayar cikin jaka, ta juya fuskarta ga taga.

Bayan la'asar na kulle ɗaki na hau tsanin Malam Ado. Ya kama ya saki, ya kama ya saki, a karo na huɗu ya tsaya. Da na ga shafin binciken da na saba da shi ya buɗe sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu. Na kwafi sunan kamfanin daga katin da manaja ya ba ni, na haɗa da fashewa, da haɗari, da mutuwa, duk kalmar da Turancina ya kai. Tallace-tallace ne suka fito. Can ƙasa na ga wani ɗan hoto kamar kan ɗan yatsa, rufin kwano a yage, mutane sun taru. Na danna. Farin shafi ya fito, an ce babu abin da nake nema. Na nemo wasu injinan binciken da ke tallar cewa su ba sa ɓoye komai, na gwada uku. Biyu ba su san kamfanin ba ma. Na ukun ya kawo ɗan hoton nan, na danna, farin shafin dai.

Na zauna a bakin gado na rasa abin yi. Sai na tuna shekarar da aka rufe ruwa daga madatsar Tiga don gyaran babban kanal. Mutanen ƙarshen layi suka yi ta fasa ƙofofin ƙananan kanal da dare da rana, suna zaton maƙwabta ne suka tare musu. Kowace ƙofa suka buɗe busasshiyar ƙasa suka tarar, don daga sama aka datse. Nawa binciken ma haka ne. Labarin da aka kashe tun a garin da ya faru bai taɓa fita waje ba balle in same shi a can.

Ina cikin wannan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga 'yan sanda biyu da matar da ke karɓar baƙi. Wayata tana kan gado a buɗe, alamar tsanin tana haske a samanta. Ɗayan ya ce fasfo. Fasfon kuwa yana kan gadon, dab da wayar. Na taka kamar mai tafiya a kan ƙaya, na ɗauko shi, na ja filo da gwiwar hannu ya faɗa kan wayar. Ya buɗe shafin biza ya ɗauki hotonsa, ya tambayi ranar da zan tafi, ya leƙa ɗakin ta saman kafaɗata. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina a zuci. Ya miƙo mini fasfo ya sara, suka wuce ɗaki na gaba. Daga baya Malam Ado ya ce haka suke yi wa kowane baƙo a ƙananan garuruwa, wataƙila ba ni suka zo nema ba. Wataƙila. Ni dai suna fita na goge tsanin daga wayata gaba ɗaya.

Kafin magariba saƙon Lin ya shigo ta manhajar ƙasar. Ta ce kamfanin ya kira ofishin da take wa aiki, ana tambayar me baƙon nan yake bincike. Ta ce, "Gobe ƙarfe goma za a sa hannu. Zan zo in fassara. Don Allah kada ka sake sa ni neman wani abu." Kunya ta kama ni, don ni zan hau jirgi in tafi, ita kuwa nan ne gidanta.

Na kira Alhaji Sabo ta layin waya na gaya masa abin da na gani.

"To ta fashe a gabanka ne?"

"A'a, Alhaji."

"Wani ya ce maka ta taɓa fashewa?"

"Ba wanda ya ce. Amma yadda suka watse..."

"Sale, sayen inji na tura ka ko duba? Mutane sun matsa daga zafin wuta, shi ne abin tayar da hankali? Ni na bincika a nan, duk yabonsu ake yi. In ba ka da shaida ka sa hannu, shinkafa ta fara ja a gona."

Gaskiyarsa ce, ba ni da shaida. Ina da yatsan da ya shafa walda, da dattijon da ya ja rigar Lin. In na sa hannu, Yaya Hanne ce za ta tsaya inda na tsaya ni kaɗai ɗazu, ita kuma kullum, har allurar ta kai ƙarshe.

Da safe rana ta ɗan fito ina tsaye a taga, sai na ji lasifika tana maimaita wata magana a titi. Na leƙa. Wani mutum ne a kan babur mai ƙafa uku, bayansa cike da tsofaffin fankoki da ƙarafa. Ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane shi sarai, ɗan gwangwan ne. Nan take abin ya faɗo mini. Duk injin da ya mutu a Kura, in kana son sanin abin da ya kashe shi, wurin 'yan gwangwan za ka je. Kuma tukunya mai nauyin wannan ba a kai ta nesa.

Na sa takalmi na fita ta ƙofar baya kafin direban kamfani ya iso. Na tsayar da mai babur ɗin, na nuna ƙarafansa, na nuna hanya, na nuna kaina. Ya yi dariya ya matsa mini wuri. Muka bar manyan gine-gine, muka bi ta cikin gonakin kabeji, ga shi ko sunan masaukina ban iya faɗa ba, katinsu kawai ke aljihuna. Ya sauke ni a wani fili da aka kewaye da kwano, ƙarafa tsibi-tsibi, warin tsatsa da baƙin mai irin na gida.

Mai wurin tsoho ne, yatsunsa biyu guntaye. Matarsa tana gefe tana ware wayoyin tagulla. Na nuna masa tafin hannuna ya ga kanta, ya nuna mini nasa, muka yi dariya. Na ɗauki alli a ƙasa na zana boilar a jikin wani kwano, da bututunta da gejinta. Sannan na fito da katin kamfanin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi ƙofa, ya dubi matarsa. Na fito da waya na nuna musu hoton Yaya Hanne, na nuna zanen, na nuna wurin da za ta tsaya a gindinsa.

Matar ce ta fara tashi. Ta yi masa magana da faɗa-faɗa, ya girgiza kai, ta sake yi. Sai ya juya ya nufi bayan filin, na bi shi. Ya kama bakin wata tamfol ya yaye.

Boila ce irin wadda na gani jiya. Shuɗin fentin nan, da ɗan allon sunan kamfanin a jikinta. Ta tsage daga sama har ƙasa, daidai kan waldar da na shafa jiya a jikin 'yar'uwarta, ƙarfen ya buɗe waje kamar buhun da aka cika fiye da kima. Na tsuguna na duba bakin tsagar. Waldar ba ta ratsa ba, a sama kawai aka shafa ta, cikin ƙarfen ko haɗuwa bai yi ba. Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, tsohon ya dafe ta da hannu ya girgiza kai da ƙarfi. Na mayar da ita aljihu.

Na tambaye shi da hannu ko akwai mutane a wurin. Ya nuna matarsa, ya ɗaga yatsu uku, sannan ya kwantar da tafin hannunsa. Mata uku suka mutu. Matar ta zaro wata 'yar jaka daga cikin rigarta, ta fito da ƙaramin hoto na takarda da ya sha riƙo. Wata mata ce da farar hular aiki tana murmushi. Ta nuna hoton, ta dafa ƙirjinta. 'Yarta ce ko ƙanwarta, ban sani ba har yau. Ta faɗi sunanta sau biyu, harshena ya kasa ɗauka. Na tsaya kawai hawaye na zubo mini a gaban mutanen da ba ma jin maganar juna.

A ƙasa akwai wani ɓallin ƙarfe kamar tafin hannu, da waldar a gefensa. Na ɗauka na dubi tsohon. Ya kau da kai kamar bai gani ba.

Goma saura kwata mai babur ya ajiye ni a bayan masauki. Direban kamfani yana tsaye yana duba agogo, ya kalli tsatsar da ke gwiwar wandona. A ofis an shimfiɗa takardu, an zuba shayi, Lin tana zaune ba ta ko kallona. Ƙarfen yana aljihuna yana dukan cinyata. Na san in na fito da shi, kafin azahar za a san filin da ya fito, tsohon nan da matarsa su shiga uku. In na ce na fasa haka kawai, Lin za a tuhuma. Sai na tuna yadda muke ciniki a gida.

Na ce wa Lin, "Ki gaya masa inji ya yi kyau, zan sa hannu. Amma muna da al'ada a garinmu. Wanda ya sayar maka da inji, shi yake tayar da shi da hannunsa, ya tsaya tare da kai har ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Mu je a kunna, ni da shi mu tsaya a gindinta har allura ta kai inda za ta riƙa aiki. Tana kaiwa zan sa hannu a wurin."

Da farko na zaci Lin ba za ta faɗa ba. Sannan ta gyara gilashinta ta fassara, a hankali, tana kallon tebur.

Manajan ya yi dariya ya ce akwai injiniyoyi don wannan. Na ce shi nake so. Ya ce yau yana da baƙi. Na ce zan jira gobe. Ya ce dokar kamfani ta hana manaja shiga wurin gwaji. Na ce to ya kawo ɗansa ko ƙaninsa. Da Lin ta fassara wannan sai fara'ar ta bar fuskarsa. Ya daɗe yana kallona, ni ma ina kallonsa. Ya tattara takardun ya buga su a tebur ya daidaita, ya miƙe ya fita. Ba a ba mu mota ba, da ƙafa muka nemi tasi. A jirgin ƙasa Lin ba ta tambaye ni inda na je da safe ba. Da za mu rabu ta ce in gaida matar da ke cikin hoton.

A filin jirgi na'ura ta ga ƙarfen a jakata. Aka fito da shi, ma'aikacin ya juya shi ya sake juyawa, ya tambaye ni mene ne. Na ce ni makanike ne, samfuri ne. Ya dubi hannuwana, ya jefa shi cikin jakar.

Alhaji Sabo ya yi fushi, bai ɓoye ba. Na ajiye masa ƙarfen a kan tebur na nuna masa inda waldar ta ƙi ratsawa. Ya juya shi, ya ce ai ana iya tsintar irin wannan ko a Kano. Ya ɗauko waya ya sake bincikawa a gabana, a nan inda ba katanga, yabon nan dai ya fito. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. A na huɗu ya aiko a kira ni gyaran bel ɗin injinsa, muka yi kamar ba a yi ba. Yanzu maganar wata boilar ake daga wani wurin, ya ce kuma ni zan sake zuwa dubawa.

Wurin Yaya Hanne na fi jin nauyin zuwa, don na san yadda ta ƙwallafa rai a kan rabuwa da hayaƙi. Na same ta a bayan injin, tana juya shanshera a duro, idonta jawur yana ruwa.

"Ɗan Chaina, an dawo? Ina tukunyar tawa?"

Na miƙa mata ƙarfen na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara ba ta katse ni ba, tana shafa bakin waldar da babban yatsa.

"Mata uku ka ce?"

"Uku, Yaya."

"Ya sunansu?"

"Ban sani ba. Na nema ko ina, ba a rubuta ba."

"Allah sarki," ta ce. Ta goge ido da bakin mayafi, ban sani ba ko hayaƙin ne. Sannan ta juya ta dubi gindin mangwaro, ni ma na bi idonta. A kan dandamalin da aka zuba wa boilar an shimfiɗa zani, jikarta 'yar wata bakwai tana barci a kai, kusa da ita wasu jarirai biyu na abokan aikinta.

"Tun da aka zuba simintin nan a nan muke kwantar da su, ya fi ko ina sanyi," in ji ta. "Da cewa nake in tukunyar ta zo sai mu matsar da su nan gefenta kaɗan, inda zan riƙa ganinsu."

Ta ƙulle ƙarfen a bakin zaninta, ta koma ta ƙara itace a wuta.